Goggona, Wadda Ta Raba Hedimasta da Gandiroba

Daga Allah muka zo, kuma wurinsa Goggona ta koma ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, a gado na uku daga ƙofar ɗakin mata na asibiti. Ina makaranta aka yi. Baba ne ya zo ɗaukata da kansa. Bai taɓa zuwa makarantarmu ba, don haka ina hango shi tsaye a bakin aji na san abin da ya kawo shi.

Goggo, yau kwana goma sha biyu ke nan. Mutane sun watse, an naɗe tabarmi, an mayar wa maƙwabta kujerunsu. Kowa ya faɗi alherinki da baki, ni kuwa na kasa, shi ya sa na rubuta.

Ke kika riƙe ni tun ina shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifiyata. Sunan Kaka aka sa mini, don haka ba ki taɓa kirana da wani abu ba sai Uwata. Ko faɗa za ki yi mini, sai ki ce, "Uwata, da girmanki?" sai faɗan ya lalace. Ke kike yi mini kitso ranar Asabar, kina yi kina tambayata abin da aka koya mana. Lokacin da na faɗi lissafi a aji biyar na ɓoye takardar a ƙarƙashin katifa, kin gan ta wajen shara. Washegari kika sayo sabon littafi, muka fara daga shafin farko.

Mutane da yawa da suka zo gaisuwa sun tambaye ni aikin da kike yi. Sun san dai kina aiki a gidan adana tsofaffin takardu. Ni na san fiye da haka, domin makarantarmu tana bayan ofishinku, kullum in an tashi nan nake zuwa in zauna a benci in jira ki mu tafi gida. Ɗaki ne dogo, tagoginsa a rufe saboda rana tana cin takarda. Akwai kantocin ƙarfe har rufi, cike da kwalaye masu ruwan toka, da fanka ɗaya mai ƙara, da kwamfutarki a jikin bango.

Aikinki shi ne sunaye. Duk mutumin da sunansa ya fito a cikin takardun nan, sai ki buɗe masa shafi a kwamfuta. Ki rubuta cikakken sunansa, da sauran sunayen da aka kira shi da su, da shekarar haihuwa da ta mutuwa in an sani, da sana'arsa, da takardar da ta tabbatar da hakan. Sannan ki ɗaura duk takardun da suka shafe shi a jikin shafin. Na tuna wata ungozoma da aka rubuta ta kala biyar, wani wuri da sunanta, wani wuri da na mijinta, wani wuri da laƙabi. Sati biyu kika yi kina bin ta har kika tattara ta wuri ɗaya. Kika ce mini, "Yanzu in jikarta ta zo nema, za ta same ta gaba ɗaya, ba gutsu-gutsu ba."

Malam Dogo, mai ɗaukar hoton takardun, kullum sai ya tsokane ki. Yana shigowa zai ce, "Hajiya mai raɗin suna, yau wa aka haifa?"

Ke kuma ko ɗagowa ba kya yi, sai ki ce, "Direban jirgin ƙasa ne, shekararsa ɗari da biyu. Kawo ragon."

Akwai abin da kika hana a ɓoye, don haka ni ma ba zan ɓoye ba. Shekara biyar da suka wuce, lokacin da ake kwashe sunaye daga kati ana zubawa a kwamfuta, shugabanku ya matsa a gama kafin masu duba aiki su zo. A cikin gaggawar kika ga kati biyu, suna ɗaya, sunan uba ɗaya, zamani ɗaya. Kika ɗauka mutum ɗaya ne aka rubuta sau biyu, kika haɗe su. Kwamfutar ta tambaye ki ko kin tabbata, kika danna e, ba ki tashi kin buɗe kwali ba. Ita kuwa in ta haɗe mutum biyu ba ta san yadda za ta raba su ba. Ashe ɗaya hedimastan firamare ne, ɗaya kuma gandiroba ne da aka kora daga aiki bayan wani fursuna ya mutu a hannunsa saboda duka.

Ba wanda ya lura sai da makarantar hedimastan ta gina ɗakin karatu, kwamitinta ya so ya sa masa sunansa. Suka rubuto suna neman tarihinsa, ofishinku ya buga shafin ya aika musu yadda yake. Kwamitin ya karanta, ya sa sunan wani. Magana kuma ta zaga.

Ina zaune a benci ranar da 'yar hedimastan ta zo. Tsohuwa ce mai sanda, sa'ar Kaka, da takardar a hannunta duk ta yamutse. Ba ta yi wa kowa sallama ba. Ta ce, "Wa ya rubuta cewa ubana ya kashe mutum?"

Malam Dogo ya yi sauri ya ce, "Hajiya, ai kin san halin kwamfuta."

Sai kika miƙe kika ce, "Ba kwamfuta ba ce, Hajiya. Ni ce. Ban duba ba. Don Allah ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallon ki. Ta ce, "Mutumin da shekara talatin yana koyarwa bai taɓa riƙe bulala ba. Jikokina suna makarantar nan, ana nuna su da baki. Fitar mini da ubana daga jikin wancan mutumin tukuna, sannan ki zo mu yi maganar yafiya."

Shugaba ya ce aikin yamma ɗaya ne, a goge layin a rubuta wasiƙar ban haƙuri. Wasiƙar kam an rubuta, amma kika ce goge layi bai isa ba. Takardun gandiroban suna nan a ɗaure da sunan hedimasta, duk wanda ya buɗe gobe zai sake gani. Kika ce kuma fursunan da ya mutu shi ma yana da haƙƙin a san a hannun wa ya mutu. Takarda ɗari huɗu da sha biyu ne a jikin shafin. Kika ce za ki ciro kowacce daga kwalinta ki gani da idonki.

Wata goma sha huɗu kika yi a kai, ga sauran aikinki bai tsaya ba. Ki ɗauko takarda, ki duba hatimin ofishin da ta fito, ki duba kwanan wata, ki duba sa hannu. Na hedimasta a kwance yake, da jela a ƙarshe. Na gandiroba a tsaye, yana danna biro har ya kusa huda takarda. In kin tabbata sai ki cire ta ki ɗaura a sabon shafi, ki rubuta dalili a ƙasa. Wata rana takarda goma, wata rana ko ɗaya.

A cikin wannan lokacin ciwon ƙoda ya tsananta. Litinin da Alhamis da safe kina asibiti ana wanke miki jini, amma ko ranakun ma sai ki lallaɓa ofis bayan azahar. Ƙafafunki suka kumbura har takalmi ya daina shiga, kika koma silifas ɗin wanka. In mun dawo gida a bakin ƙofa kike zama, in kawo ruwan ɗumi ki tsoma ƙafa, kafin in juya barci ya ɗauke ki a zaune da jaka a cinya. Kin daina yi mini kitso, kika ce yatsunki sun yi nauyi. Ba zan yi ƙarya ba, Goggo, na tsani kwalayen nan.

Baba ya yi faɗa har ya gaji. Ya ce, "Yaya, mutanen nan sun mutu tun kafin a haife mu. Me za su yi miki?"

Kika ce, "Ai shi ya sa. Ba za su iya zuwa su gyara da kansu ba."

Ya ce, "To ki je ki sake ba tsohuwar haƙuri mana."

Kika ce, "Hannu rabbana zan je mata? Ta faɗi abin da take so."

Kwana uku kafin rasuwarki, ina shafa miki mai a ƙafa, kika ce, "Uwata, ban je wurin Hajiya 'yar hedimasta ba." Shi ke nan abin da kika ce. Tun daga ranar maganar nan take zaune a ƙirjina. Duk kwanakin zaman makoki ina duba ƙofa ko zan ga mai sanda. Ba ta zo ba.

Ran kwana takwas Malam Dogo ya kawo ambulan. Ya ce a zuwanki na ƙarshe kin rufe shafukan biyu, kin ce ya buga, sai aka kwantar da ke kafin ya kawo. Shafi ɗaya na hedimasta, ɗaya na gandiroba. Takarda goma sha bakwai sun rage waɗanda ba su da sa hannu ba su da hatimi, kin bar su ba na kowa ba, kin hana shi yin hasashen mai su. A ƙasan kowane shafi, inda ake rubuta bayani, kin sa cewa an taɓa haɗe mutumin nan da wani bisa kuskure, kin sa ranar da aka yi, kin sa sunanki.

Baba ya ce a bar maganar, Allah ya ga zuciyarki. Kaka ta ce a'a, saƙo ne, a kai. Jiya da safe Baba ya kai ni har ƙofar gidan 'yar hedimastan, ya tsaya a waje.

Na same ta a tsakar gida tana shan hantsi. Na durƙusa na gaishe ta na miƙa ambulan. Ta juya shi ta miƙo mini ta ce, "Idona ya tafi, 'yar nan. Karanta. Ki ɗaga murya, ba da tururuwa kike magana ba."

Na karanta sunan mahaifinta, da shekarunsa, da makarantu uku da ya koyar. Ta ce in maimaita wajen sana'a. Na maimaita: malamin makaranta, hedimasta. Ta ce, "Sai me?" Na ce babu komai. Ta ce in karanta na ɗayan ma, na karanta, har da bayanin ƙasa. Da na zo kan sunanki ta tsayar da ni.

Ta ce, "Ita ta sa sunanta, ko sa ta aka yi?"

Na ce ke kika sa.

Ta ce, "Ina take? Me ya hana ta zuwa da kanta?"

Ashe ba wanda ya gaya mata. Na gaya mata. Ta ajiye sandar a ƙasa. Sannan ta ce, "Kullum ina cewa yaran nan in mai kumburin ƙafa ta zo a shigo da ita. Ina jin labarinta. Na so in aika mata ta huta, sai na ce bari dai ta gama." Ta goge fuskarta da gefen mayafi ta ce, "Na yafe mata duniya da lahira. Ke kuma ki roƙa mini yafiyarta a wurin Allah, na bar ta tana jira."

Ɗakin karatun yana nan da sunan wancan mutumin, ba za a canja ba. Na tambaye ta ko hakan ya dame ta, ta ce ta gaji da kwamiti, takardar nan za ta sa jikokinta su kai makaranta a karanta a gaban kowa.

Goggo, an faɗa, ta yafe miki. Ni na ji da kunnena, kuma na rubuta ranar, Asabar ashirin da biyu ga Maris, yadda kike son a riƙa yi.

Allah ya jiƙan ki da rahamarsa, ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi, ya yalwata kabarinki ya haskaka shi, ya ba ki hutun da ba ki samu a nan ba. Allah ya haɗa ki da mahaifiyata a Aljanna. Ina yi wa Kaka ta'aziyya, ita da ta binne 'yarta ta fari, da Baba, da sauran dangi, da Malam Dogo da duk abokan aikinki. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen. Kuma duk wanda ya karanta wannan, in yana ganin Goggona ta taɓa yi masa wani abu, ina roƙonsa ya yafe mata yau, kada ya jira komai.