Hannun da Tela Ya Miƙa wa Sista

Tun kafin mai shara ta gama da baranda, Baba Gwaji ya buɗe ɗakinsa da ke ƙarshen asibitin masu cutar kuturta. Ya goge tebur, ya fito da ƙananan kwalabe daga firji, ya jera allurai, ya ajiye biro da 'yar rula a damansa. Aikinsa ke nan tun gashinsa yana baƙi: ya tsira ɗigon ruwan gwaji a fatar hannun majinyaci, ya zagaye wurin da biro. Bayan 'yan makonni mutum ya dawo a taɓa, a auna. Idan wurin ya yi ƙullutu, jiki yana yaƙi da cutar. Idan ya kwanta, sai a sanar da likita.

Majinyata ne suka laƙaba masa sunan, kuma ya fi jin daɗinsa a kan na yanka. Amma tun da aka kawo wata ma'aikaciyar jinya da ake kira Sista, aka sa mata tebur a kusurwar ɗakin, bencin gabansa ya fara ramewa, nata yana cika. Sai dai ya yi ta goge rular da ba ta yi datti ba.

A safiyar nan Tela ya shigo. Shi ne mutumin da Baba Gwaji ya fi ɗauka nasa, domin a gabansa ya fara zuwa yana ɓoye tabon fatarsa da doguwar riga. Tela ya gaishe shi, ya wuce, ya naɗe hannun riga a gaban Sista.

"Tela," in ji Baba Gwaji, "kujerata ta fito da ƙaya ne?"

"Haba Baba, ai hutar da kai nake yi."

"Na ce maka na gaji? Ni na fara ganin hannun nan, tun ba ka iya ɗinka aljihu daidai ba."

"Har yanzu ma wandon da na ɗinka maka bai kai ƙara ba," Tela ya amsa, mutanen benci suka kwashe da dariya. Sa'an nan ya sassauta murya. "Gaskiya ɗaya ce, Baba. Kai kullum hannun dama kake kamawa, saboda shi ne kusa da kai. Ni kuwa da shi nake riƙe almakashi. Wancan karon da wurin ya fashe, yadi yana goga, na sha wuya. Ita sai da ta tambaye ni da wane hannu nake aiki."

Baba Gwaji ya dubi Sista. Ba ta ɗago ba, tana zagaye hannun hagu da biro, kuma rashin ɗagowar ya fi dariyar yi masa ciwo.

Da la'asar saura mace ɗaya, mai wanki da guga, tana tsaye tsakanin teburan biyu tana dubawa. Ya yi maza ya ja mata kujera.

"Zauna nan, 'yata. Da wane hannu kike guga?"

Ya faɗa da ƙarfi yadda kusurwa za ta ji. Ta ce da dama, ta miƙo masa hagu, ya tsira allurar, ya zagaye. Yana rufe biro ya saci kallon Sista, ya ga tana murmushi. Ya mayar da kwalabe firji, ya buga murfin fiye da yadda ya kamata.