Kwano Ɗaya a Kan Dutsen Kamaru

Dogara abokin wasana ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka duk Suleja babu wanda ya kai ni ikon faɗin aibinsa, kuma na sha faɗa a gaban idonsa. Gajere ne, ga taurin kai, ga ci kamar gara. Amma yau ba tsiya na zo yi masa ba. Akwai abin da ya yi wanda har gobe idan na tuna sai in ji kaina ya yi girma, kuma ina so a san cewa jinina ne ya yi shi.

Direban babbar mota ne tun yana saurayi. Yakan ɗauki doya da wake da albasa daga nan ya yi Kudu, wani lokaci ya tsallaka iyaka ta Ikom ya shiga Kamaru. A wata tafiya irin wannan, farkon shekarun tamanin, mota ta lalace musu a wani gari kusa da teku. Suna zaman jiran kayan gyara, bayan magariba ya ɗaga kai ya ga jar wuta tana tsiyaya daga can sama, inda shi a zatonsa babu komai sai sarari. Mutanen garin suka ce masa ai dutse ne yake amai, kuma idan ya huce mutane suna hawansa har ƙololuwa, sai dai tafiyar kwanaki ce. Tun daga ranar abin ya shiga ransa ya zauna.

Mu da muka tashi a gindin Zuma ba a burge mu da dutse. Sai ga Dogara ya dawo yana cewa idan aka ajiye Zuma kusa da wancan, sai ka ɗauka dutsen niƙa ne aka manta a tsakar gida. Na ce masa ƙaryar direbobi ce, wadda suke yi wa masu abinci a Gauraka don a ƙara musu nama. Bai ji haushi ba. Cewa kawai yake yi wata rana zai hau, mu kuma mu yi dariya, shekaru suna ta tafiya.

Shekarar da gwamnati ta tare a Abuja, garinmu ya cika da baƙi, a shekarar ne likita ya gaya wa Dogara cewa idonsa na dama ya riga ya tafi, na hagun ma yana bin sahu, kuma ba irin ciwon da ake yi wa aiki ba ne. Ya dawo gida ya mayar wa mai mota makulli. Bayan sati guda ya tara mu ya ce kafin azumi ya kama zai je ya hau dutsen nan, tun yana da sauran abin da zai gan shi da shi. Wannan karon babu wanda ya yi dariya, har ni.

Matarsa ta yi kuka, ta yi fushi, ta turo masa dattawa, duk a banza. Da aka ga ba zai lanƙwasu ba sai aka ce to, amma ba zai tafi shi kaɗai ba. A nan aka tsaya, domin 'ya'yan Dogara biyar ne kuma duk mata. Namijin da ke kusa, mai ƙarfi a jika, shi ne Nasiruddeen, mijin Muhsina, 'yarsa ta fari. Aikinsa haɗa wayar lantarki a sababbin gine-ginen Abuja, kullum da asuba yana tasha, da yamma ya dawo. Mutum ne mai kunya har ta yi masa yawa. Idan ya hango Dogara a hanya, tun daga nesa zai tuɓe takalmi ya durƙusa. Bai taɓa haɗa ido da shi ba, balle a ce ya kai loma baki a gabansa. Shi ma Dogara ko sunansa ba ya kamawa, Malam yake ce masa, kuma idan ana cin abinci aka ce ga mijin Muhsina nan, sai ya rufe kwano ya tsame hannu. Haka muka tarar ana yi tsakanin surukai, kuma babu wanda ya taɓa ganin illarsa. Muka yi ta murna an sami ɗan rakiya, muka cika musu jaka da kilishi da dakuwa da ƙuli-ƙuli da garin rogo da rigunan sanyi na gwanjo. Duk taronmu ba a sami mai hankali ɗaya da ya tambaya yadda mutanen nan biyu za su ci abincin ba.

A hanya abin bai dame su ba. Duk inda mota ta tsaya, wannan ya nufi mai tuwo ta gabas, wancan ya nufi mai shinkafa ta yamma, su dawo kowa yana goge baki kamar ba a yi ba. Suka isa Buea, garin da ke gindin dutsen, suka sami ɗan jagora mai suna Raphael, da ɗan dako guda da zai ɗauki ruwa, don an ce musu a sama ruwa wuya yake yi. Raphael ya tsara su: shi a gaba, Nasiruddeen a bayansa, sai Dogara, ɗan dako a ƙarshe. Ya ce kada kowa ya bar layinsa, kuma a tafi a hankali.

Da farko gonaki suka ratsa, sannan suka shiga kurmi mai duhu, itatuwa sun haɗe sama, ƙasa jiƙe, gumi yana zuba. A nan ma da sauƙi, domin idan aka tsaya hutu Dogara yakan ce zai kewaya, ya shige bayan wata bishiya ya daɗe, kowa ya samu ya jefa wani abu a cikinsa. Can da rana ta take sai kurmin ya ƙare kamar an yanke shi da wuƙa. Daga nan babu bishiya, babu inuwa, sai ciyawa da baƙin dutse mai kaifi irin kashin maƙera, ga hanya a miƙe tsaye. Duk inda mutum ya tsuguna ana ganinsa. Dogara yakan ɗebi kilishi ya miƙa, Nasiruddeen ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa a aljihu. To yaushe zai ci, alhali surukinsa yana bayansa taku biyu, yana kallon ƙeyarsa?

Da yamma suka isa wani ɗakin langa-langa da aka gina wa masu hawa. Ɗaki ɗaya ne, da dakalin katako, a waje kuma iska tana kaɗawa da sanyin da Dogara ya ce bai taɓa sanin Allah ya halicci irinsa ba. Raphael ya hura wuta ya dafa shayi da shinkafa. Nasiruddeen ya ce ya ƙoshi. Dogara ya so ya fita ya ba shi wuri, ya buɗe ƙofa, iska ta mayar da shi ciki. Sai shi ma ya ce ya ƙoshi, ya ɓare goro ya sa a baki. Raphael ya dube su, ya ɗauka wata ibada ce tasu ta Musulmi. Shi da ɗan dako suka cinye tukunyar, wawaye biyu suna zaune suna haɗiyar yawu saboda girmama juna.

Dogara cikin direba gare shi, ya saba wuni da goro da ruwa. Nasiruddeen bai saba ba. Washegari suka ci gaba, ciyawa ta ƙare, sai baƙin yashi da toka, ƙafa tana nutsewa, numfashi yana gagara. Raɓar da ta kwana a kan duwatsu ta daskare ta yi fari. Dogara ya ce ya lura sawun yaron ya fara karkacewa, amma duk lokacin da ya ce, “Malam, lafiya?” sai ya amsa da lafiya lau. Sun wuce ɗakin langa-langa na ƙarshe, har Raphael ya nuna musu ƙololuwar da sanda, ga ta nan kamar ka miƙa hannu, sai Nasiruddeen ya durƙushe ya kife.

Raphael ya juya shi, ya kwance masa maɓalli, yana laluben jikinsa sai ya ji aljihuna a cike. Ya zaro kilishi, ya zaro dakuwa, duk abin da aka ba shi tun jiya yana nan ko gutsira ba a yi ba. Da Dogara ya yi masa bayani da ɗan Turancin tasha da ya iya, mutumin ya riƙe kai. Ya ce shi ba zai hau da mai yunwa ba, kuma ba zai raba tawagarsa biyu ba. Ya nuna gajimaren da ke tasowa daga ƙasa, ya ce idan yaron ya ci ya miƙe kafin wancan ya iso su, za a ƙarasa. Idan ba haka ba, kowa ya juya, kuma shi ke nan.

Nasiruddeen ya farfaɗo, leɓunansa sun yi fari. Aka miƙa masa abinci, ya dubi gefen da surukinsa yake, ya sunkuyar da kai.

“Baba, ku je kawai. Na ƙoshi.”

Dogara ya juya masa baya don ya ci, amma yaron bai ci ba. Dogara ya ce zai matsa can nesa, Raphael ya hana, ya ce mai ido ɗaya ba ya yawo shi kaɗai a bakin ramukan nan. Dogara ya gaya mini cewa a lokacin ya dubi ƙololuwar, ya dubi gajimaren, ya ji kamar ya ɗora hannu a ka. Shekara goma yana mafarkin wurin nan, ga shi ya zo har bakinsa, kuma ya san idan ya sauka ba shi da idon da zai sake dawowa da shi. Ya ce kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne yaron nan ya gwammace ya mutu a kan toka da ya yi masa rashin kunya.

Sai ya zauna dirshan a gabansa, gwiwa da gwiwa. Ya jawo kwano ya zuba garin rogo, ya marmasa ƙuli-ƙuli, ya zuba sukari, ya tsiyaya ruwan shayi mai zafi daga filas. Ya naɗe hannun riga ya yi bisimilla, ya kai loma, ya tauna a gaban mijin 'yarsa ta fari. Daga baya ya gaya mini wallahi lomar nan ta fi hawan dutsen wuya. Sannan ya kira shi da sunan da bai taɓa kiran sa da shi ba.

“Nasiru. Ɗago ka dube ni. Allah bai ba ni ɗa namiji ba, na yi haƙuri. Yau na gaji da haƙurin. Ni ba ni da suruki a kan dutsen nan, ɗana na zo da shi. Sa hannu mu ci.”

Nasiruddeen ya sa hannu. Yana ci hawaye yana zuba a cikin kwanon, Dogara yana tura masa wajen da ƙuli ya fi yawa. Suka cinye, aka sake dama wani. Da yaron ya miƙe ƙafarsa ta ɗauke shi, Raphael ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗaga sanda ya yi gaba.

Sun kai. Dogara ya ce saman ba shi da faɗi, iska kamar za ta ɗauke mutum, ga warin ƙonanniyar ashana yana tasowa daga wasu ramuka. Ya ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa, shimfiɗe fari fat har iyakar ganinsa, ya ga baƙaƙen hanyoyin da wutar ta bi ta gangara. Tekun ne idonsa bai kai ba. Nasiruddeen ya kama kafaɗarsa ya juya shi wajen, ya yi ta faɗa masa abin da ke can, wannan yaron da a da ba ya iya haɗa kalma uku a gabansa. Suka yi taimama da baƙin yashi suka yi salla, sannan suka kama hanyar sauka, suka sake kwana a dutsen, tukunya ɗaya su huɗu.

Ranar da suka dawo Suleja gidan ya cika. Ina wurin, na shirya tsiyar da zan yi masa, sai na ga ya rame ya yi baƙi, leɓe duk ya fashe, sai na fasa. Da aka kawo abinci, matarsa ta aiko da kwano biyu kamar yadda aka saba, ɗaya zaure, ɗaya ɗakin baƙi inda suruki zai ɓuya ya ci. Dogara ya ce a mayar da ɗaya. Dattawan unguwa suna zaune, wasu suka kawar da kai, wani ya yi gyaran murya. An yi surutu a unguwa, har aka ce sanyin dutse ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Duk wadda ta kawo mini wannan magana nakan tambaye ta wane dutse ubanta ya taɓa hawa.

Idon hagun bai kai ƙarshen shekarun casa'in ba. Dogara ya karɓi abin ba tare da ƙorafi ba, yakan ce shi ya riga ya ga abin da ya fito gani. Nasiruddeen kuwa idan motar Abuja ta sauke shi da yamma, gidan yake fara biyawa. Na sha tarar da su a zaure, kwano a tsakaninsu. Nasiruddeen yakan lallaɓa ya tura tsokar nama gefen tsohon, a zatonsa ba zai sani ba. Dogara ya lalubo ta da yatsa, ya raba biyu, ya tura masa rabi.