Mamuda Baduku da Ludayin Man Shanu

Shekara arba'in da ɗoriya Mamuda Baduku ya yi a kasuwar Gummi yana ɗinkin kube da linzami da takalma. Sai bara yanar ido ta rufe masa idon dama, na hagu ma ya fara bin sahu. Basilla ta koma sokar yatsa fiye da fata, aiki ya tsaya.

Aka ce likitocin ido za su zo bayan wata biyu, ya je asibiti a rubuta sunansa. Maharazu, ma'aikacin da ke awon jini, ya ɗaura masa na'ura a dantse, ya duba, ya sake dubawa.

"Baba, jininka ya hau ƙwarai. In bai sauka ba, ba su taɓa idon nan."

"Mi yak kai shi sama, ni da ko faɗa ban yi da kowa?"

Maharazu ya ce shekaru ne. Jijiyar jinin yaro takan buɗe duk bugun zuciya, ta koma. In an tsufa laushin yakan ragu, bangonta ya yi kauri ya sandare, dole zuciya ta riƙa turo jini da ƙarfi. "Kamar tsohuwar fata dai, Baba."

Nan yaron ya yi ɓarna, don ba a yi wa baduku misali da fata. Mamuda ya cusa ƙwayoyin da aka ba shi a ƙarƙashin tabarma, ya sayi man shanu wajen wata Bafillata. Kullum safe ludayi guda.

Matarsa Tabawa ta ce, "Malam, wanga wane irin karin kumallo na?"

"Fata nike tausasawa daga ciki. Ke dai ido."

Bayan mako uku ya koma, fuska na sheƙi, wuya ya ciko. Awo bai motsa ba. Da Maharazu ya ji labarin, sai da ya dafa tebur.

"Baba, tsakani da Allah, fatar da ta shekara saba'in, mai na maida ta sabuwa?"

Mamuda dai, a kan sana'arsa ba ya ƙarya.

"Ba ya maidawa. Lallaɓa ta akai, a rage mata kaya."

"To aikin ƙwayar ke nan."

Tabawa ta kwashe man ta zuba a miyar jikoki, ta rage gishiri, ta riƙa tsayawa a kansa har ya haɗiye. Da yamma ta kora shi ya taka zuwa fadama.

Ranar aikin ido jini ya sauka, ba da yawa ba, amma ya isa. Washegari da aka cire masa auduga, ya daɗe yana kallon Tabawa.

"Ashe haka kika tsufa?"

"Bari a miƙo maka madubi, saurayi."