Ranar da Baba Ya Ƙi Kai Ƙara

Ina koyarwa a Bodinga aka ɗauke ni tafinta. Wasu masu binciken yanayi ne suka zo, suna tattara bayanan manoma don babban taron ƙasashen duniya, inda ake ta ja-in-ja a kan wa ya ɓata yanayi, wa kuma zai gyara. Shugabarsu ta ce min alƙaluma suna da su jibgi, amma 'yan siyasa ba sa jin alƙaluma, sai muryar mutum. Garin da ya shiga rahotonsu, in an dace, zai samu rijiyar burtsatse mai zurfi.

Nan take na tuna fadamar babana a Danchadi. Shekara uku ke nan rijiyarsa tana ƙafewa kafin albasa ta yi kai. Na kai su wurinsa ina rawar jiki, har na riga na ga ruwa yana kwarara a raina.

Aka shimfiɗa tabarma, aka kunna na'urar ɗaukar magana. Matar ta tambayi yadda damina take a shekarun nan.

Baba ya gyara zama ya ce, "Alhamdu lillahi. Ruwa sun yi gyara."

Na sunkuya na ce, "Baba, ku gaya mata rijiya ta ƙafe mana."

Ya harare ni. "Mi kake so in hwaɗi? In kai ƙarar Ubangijina ga baƙi? Shi ab ba mu jiya, Shi ka ba mu gobe."

Raina ya ɓaci matuƙa. Na yi niyyar in juya maganar da Turanci yadda nake so, amma akwai Bahaushe a cikinsu yana kallon bakina. Dole na fassara abin da ya faɗa. Ta yi murmushi, ta yi ɗan rubutu, suka wuce zuwa ƙauyen Mandera.

Na yi wata biyu ina jin haushin tsohon. Sai da aka yi taron na ji a rediyo cewa masanan sun gabatar da hujjojinsu kaf, an tafa musu, manyan ƙasashe suka ce a sake zama baɗi. Mutanen Mandera da suka amayar da cikinsu gaban na'ura, ko bokiti ba su gani ba. Na rasa wanda zan ji wa haushi.

Ranin da ya biyo baya Baba bai yafa irin albasa ba. Ya aiko a tambaye ni ko makarantarmu tana neman maigadi.