Hawan Snake Pass da Surukina a Baya

Ƙarfe biyar da rabi na asubahin Asabar na fito da keke daga gidanmu a unguwar Rusholme, cikin Manchester. Saura mako biyu a yi tseren keke na masu sha'awa daga Manchester zuwa Birmingham, wajen mil casa'in, kuma na riga na ba da sunana. Matata Hadiza likita ce, ta kuma san girman tumbina. Sharaɗinta ɗaya ne: in hau dutsen Snake Pass ban tura keke ko taku ɗaya ba, in ba haka ba in janye. Wata takwas ina atisaye, ban ga ta janyewa ba.

Ƙanenta Nasiru ne zai bi ni a mota da abinci. Ina leƙawa sai ga Baba, mahaifinsu, wanda ya zo daga Kano ganin likitan ido, zaune a kujerar gaba. Wai yana so ya ga dutsen Turawa. Na durƙusa na gaishe shi cikin matsattsen wandon keke. Ya amsa yana kallon sama.

Glossop, bakwai da minti goma

Mil goma sha huɗu muka yi, muka tsaya a garin Glossop, gindin dutsen. Nasiru ya buɗe but ɗin motar, ga ayaba, ga dabino, ga shayi a filas. Baba kuma na tsaye a wurin. Shekara goma sha ɗaya da aurena ban taɓa kai loma baki a gabansa ba, ba kuwa a Glossop zan fara ba. Na ce a ƙoshe nake.

"Yaya, are you sure?" in ji Nasiru.

Na ce masa ƙwarai. Ya ci ayaba uku a madadina.

Kan dutse

Daga nan mil huɗu ne, duk hawa, ba kowa sai iska da tumaki. A mil na uku ƙafafuna suka zama na aro, jiri ya fara ɗibata. Na tsaya a gefen titi. Gaskiya na ji tsoro, na kuma ji baƙin cikin wata takwas ɗin nan.

Motar ta tsaya a bayana. Baba ya fito ya dube ni sau ɗaya.

"Nasiru, buɗe bayan motar nan ta sha iska. Zo ka raka ni in ga tumakin can, kamar ba su da makiyayi."

Minti ashirin suka yi a cikin sanyi, sun ba ni baya, mutumin da ba ya gani sosai yana nazarin tumaki. Ni kuwa ban bar ko dabino ɗaya ba. Ƙarfe tara saura kwata na kai ƙololuwa a kan keke.

Gida

Sha ɗaya muka iso, keken a bayan mota. Hadiza ba ta tambaye ni ba, Baba ta tambaya. Ya ce na hau. Ta ce to ranar tseren ma sai ya sake bin mota, tunda ta ga tafiyar ta yi masa daɗi.

"A'a. Ku sa ni a jirgin ƙasa, in jira shi a Birmingham," in ji shi. "Mil casa'in ba a yin ta da yunwa."

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Nasiru. Baba ne har yau ban yi wa godiya ba, don in na yi, na amsa ke nan cewa na ci.