Musun da Na Ci a Soron Gidansu

Shekarun baya, lokacin da nake zaton rayuwa za ta tafi kamar littattafan soyayyar da nake kwana da su, akwai wata yarinya da nake nema a Dangora. Mu biyu ne manemanta, mahaifinta kuwa ya ce ta fitar da miji bayan girbi. Sai ta aiko mini in zo ran Juma'a da la'asar in faɗi matsayina, don ta san amsar da za ta kai masa.

Kwana uku ina haddace kalamai. Na sha guga, na sha turare, na ɗauki abokina rakiya, muka hau babur daga Kiru.

Ni da abokin nan muna da wani tsohon musu, a kan faɗan da ya fi kowane a fim. Shi ɗan gani-kashe-nin finafinan Caina ne, ni kuwa Indiya. Kowa ya san aikin ɗan rakiya: ya gaisa, ya ɗan yi barkwanci, ya ba da wuri. To ta shimfiɗa mana tabarma a soro, an gaisa, har ya miƙe zai fita, sai ya waiwayo.

"Ranki ya daɗe, kafin ki amince, ki sani mutuminki bai san faɗa ba. Wai mutum ɗaya ya naushi ƙato goma su tashi sama kamar buhun ƙaiƙayi, shi ne gwaninta."

Ta yi murmushi. Da na yi dariya, da shi ke nan. Sai na ce, "Malam, dawo ka zauna."

Ya kawo misalin faɗan saman itatuwan gora, inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Na ce wannan rawa ce. Ya kawo na tsoho mai sanda a cikin ɗakin cin abinci. Na miƙe tsaye ina kwatance, har hulata ta faɗi. Na ce faɗa na gaske shi ne a yi wa jarumi jina-jina a cikin ruwan sama, ya faɗi, kowa ya cire rai, sai ya ɗago ya dubi idon masoyiyarsa, ya tashi. "Kallon nan shi ne faɗan, ba naushin ba!"

Abokina ya ɗaga hannu. "Na sallama."

Daidai nan aka kira magariba. Ta miƙe, ta gyara mayafi, muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Shi jarumin naka ai ya dube ta. Kai tun da ka shigo ba ka dube ni ba." Ta ja tabarmarta ta shige gida.

Na rubuta wasiƙa shafi huɗu, aka dawo mini da ita a liƙe. Ɗayan manemin, wani manomin albasa daga Tudun Wada, an ce magana ɗaya ya yi mata: "Ran Lahadi zan turo." Ya kuma turo.

Ba na riƙe abokina, shi ya tsokana, ni na zauna a kai. Har yau yakan turo mini guntun fim a waya, ya rubuta, "Mutumina, kai ka yi gaskiya." Nakan buɗe, in kalla har jarumin ya faɗi a cikin ruwan. Da ya fara ɗago kai, sai in kife wayar.