Hajiya Kande a Kan Kwali

Akwai wata Laraba da ba ta fita raina, wata biyu kafin azumi, ina sabon ejan a Guangzhou. Aikin ejan shi ne ya raka ɗan kasuwa shago, ya yi tafinta, ya duba kaya kafin a kai su kwantena. Ni kuwa gwani ne: in buɗe kwalin sama, in shafa, in sa hannu.

Hajiya Kande 'yar kasuwa ce daga Kano. Ta sayi abayoyi a wani shago a kasuwar Shahe, kuma washegari za a rufe kwantenar da za ta kai mata su kafin Sallah. Muna shagon na ce mata na duba komai.

"Sannu da ƙoƙari, Malam Sani," in ji ta. "Jawo min na ƙasa."

Na ƙasan duk yadi ne shara-shara, har tafin hannu ana gani. Mai shagon ya ce meyo, wato babu wasu. Ni kuma, masanin ƙasar Sin na wata huɗu, na raɗa mata cewa ba a matsa wa mutanen nan, ta haƙura kada kwantena ta tafi.

"In sayar wa matan mutane tsiraici? Kwantenar ta tafi."

Ta ja kwali ƙofar shagon ta zauna. Duk mai sayen da ya doso, sai ta zura hannu cikin abaya ta ɗaga masa. Wani tsoho Ba'amurke da ke sayen huluna a maƙwabta ya yi ta dariya. Ya ce a zamanin kakarsa irin wannan mace ake kira bearcat, mai zafin nama da ba ta lanƙwasuwa, kuma yabo ne. Na fassara mata.

"Ka ce masa ya matsa, ya tare min haske."

Kafin la'asar kayan da babu su suka fito daga sito. Ta sa na buɗe kowane kwali a gabanta, kunya kamar in nitse.

A ofishinmu masifaffiya muke ce mata, har da ni. Ranar na gane cewa a sana'ar nan, wanda muke yaba wa da sauƙin kai shi ake loda wa shara. Da ta koma ta turo min ƙawayenta biyu. Ta ce musu ni ejan ne mai jin magana, amma su tsaya a kaina.